Kurman Jirgi Yana Bukatar Matuƙi Mai Kunne

Wannan shi ne matanin laccar da aka gabatar ga 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji a jihar Maraɗi, a kan ƙa'idojin tuƙa jirage marasa matuƙi da ladabin magana ta rediyo.



Abin da ya tara jama'a a yau wani ɗan ƙaramin abu ne da ake iya sawa a jaka a rataya, amma wanda kan jawo wa mai shi babbar magana idan bai san ƙa'idarsa ba. Hausawa sun raɗa masa sunaye biyu: wasu na cewa jirgi maras matuƙi, wasu kuma na cewa kurman jirgi. Sunan farko yana da ɗan ruɗi, domin kuwa jirgin yana da matuƙi, illa dai matuƙin yana tsaye a ƙasa da na'ura a hannunsa. Suna na biyu ya fi kusa da gaskiya. Jirgin ba ya jin gargaɗin jami'in filin jirgin sama, ba ya jin ƙarar wani jirgin da ke tafe, ba ya kuma jin salatin matar da ta hango shi bisa gidanta ta firgita. Duk abin da ya kamata ya ji, wanda ke riƙe da shi ne zai ji a madadinsa, kuma duk abin da ya kamata ya faɗa, shi ne zai faɗa da yawunsa. Matuƙin da bai iya saurare ba, bai kuma iya sanar da inda yake ba, ya tara kurame biyu ke nan a aiki ɗaya.

AMFANINSA A WANNAN YANKI

Babu mai musun cewa kallo daga sama yana da amfani. Ƙasar Agye ta yi suna a duniya saboda manomanta da suka rungumi barin sabbin tsiron itatuwa a cikin gonakinsu, irin su gawo da kalgo da sabara, kuma ƙauyen Ɗan Saga ya zama makarantar da baƙi ke zuwa ɗaukar darasi. Da hotunan sama da na tauraron ɗan Adam masana suka yi ƙiyasin cewa wannan dabara ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. A wancan lokaci sai an ɗauko babban jirgi ko an sayi hoto daga ƙasashen waje. Yau ma'aikacin gandun daji ko malamin gona zai iya ganin dajin Baban Rafi ko fadamar Gulbin Kaba a hantsi ɗaya da ɗan jirgin da bai kai nauyin tiyar hatsi ba.

Haka nan kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada za su iya amfana da shi wajen shata burtali da iyakokin gonaki, abin da ya sha haddasa fitina tsakanin manoma da makiyaya. A lokacin damina yana nuna inda ruwan Gulbin Maraɗi ya ci gari da inda hanya ta yanke. A Yamai akwai kamfanin 'yan ƙasa, Drone Africa Service, da ya ɗauki wannan aiki sana'a. A wasu ƙasashen kuma abin ya wuce ɗaukar hoto: kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitoci da irin waɗannan jirage a Ruwanda a 2016, a Gana a 2019, sannan a jihar Kaduna a 2022. Ga kuma masu ɗaukar hoton biki da na hawan salla, waɗanda su ne jama'a suka fi gani. To, amma duk wanda ya tashi abu sama ya shiga gonar da ba tasa shi kaɗai ba.

SAMA TANA DA MAI ITA

Ranar 7 ga Disamba 1944 aka sa hannu a birnin Cikago na Amurka kan yarjejeniyar da ta kafa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, wadda ake kira OACI da Faransanci, mai mazauni a Montiriyal ta Kanada. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita. Sashen farko na yarjejeniyar ya tabbatar da cewa kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da samaniyar da ke bisa ƙasarta. Sashe na 8 kuma, tun a wancan zamani, ya yi maganar jirgin da ke tashi ba matuƙi a cikinsa: ba zai bi ta kan wata ƙasa ba sai da izini na musamman daga gare ta, kuma wajibi ne a sarrafa shi ta yadda ba zai zama haɗari ga jiragen farar hula ba. Wanda ke shakkar wannan iko ya tuna cewa ranar 6 ga Agusta 2023 mahukuntan Yamai sun rufe sararin samaniyar Nijar baki ɗaya, ba su sake buɗe shi ga jiragen kasuwanci ba sai ranar 4 ga Satumba.

Hukumomi uku ya kamata matuƙi ya sani. Ta farko ita ce ANAC, hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasa, wadda ke tsara dokokin tashi da bayar da takardu. Ta biyu ita ce ASECNA, wadda aka kafa a 1959 a San Luwi ta Senigal, mai hedkwata a Dakar, wadda jami'anta ke yi wa jirage jagora a samaniyar Nijar. Ta uku ita ce ARCEP, mai kula da rabon zangunan rediyo da na sadarwa. Bayan waɗannan akwai jami'an tsaro, waɗanda a yankin iyaka maganarsu ce ke gaba. Wanda ya tsallaka Nijeriya da jirginsa kuma ya sani cewa tun 2016 hukumar NCAA ta hana tashin irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Takardar Maraɗi ba ta aiki a Jibiya, ta Sakkwato ma ba ta aiki a Gidan Rumji.

Akwai wani bambanci da ya kamata a fahimta. Babban taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya buɗe bakin jama'a, kuma bayansa aka samu gidajen rediyo masu zaman kansu, daga bisani na karkara. Wannan 'yanci bai shafi zangon jiragen sama ba. Daga megahaz 118 zuwa 137 an keɓe shi ne don maganar matuƙa da jami'an filayen jirage. Dokokin ƙungiyar sadarwa ta duniya da ke Janeba sun hana kowa kafa na'urar aika magana sai da lasisin gwamnatinsa, kuma mai magana a zangon jirage sai ya riƙe shaidar cewa ya koyi aikin. Ke nan mallakar na'urar bai ba mutum damar danna maɓallinta ba.

TAZARAR MITA 30

A ƙasashe da dama, ciki har da na Tarayyar Turai da Amurka, ba a yarda ƙaramin jirgi maras matuƙi ya wuce kimanin mita 120 daga ƙasa ba, wato ƙafa 400. Ba da ka aka tsayar da wannan adadi ba. Dokar ICAO ta hana jirgi mai ɗauke da mutane yin ƙasa da mita 150 a bayan gari, ko ƙasa da mita 300 bisa gine-ginen gari da taron jama'a. Tsakanin 120 da 150 saura mita 30, kuma wannan 'yar tazara ita ce katangar da ta raba masu tuƙi daga ƙasa da masu rai a cikin jirgi.

Sai dai katangar tana da ƙofofi. Jirgin da ke tashi ko sauka dole ya ratsa ta, shi ya sa kewayen filin jirgin sama ya zama haramtaccen wuri sai da izini. Mutanen Tibiri da ke dab da Maraɗi su suka fi kowa bukatar kiyaye wannan. Jirgin feshin maganin fara ko na tsuntsaye jan-baki yana tafiya ne kusa da kan hatsi. Jirage masu saukar ungulu na soja da na agaji ma sukan yi ƙasa-ƙasa ba tare da sanarwa ga kowa a ƙauye ba. A watan Satumba na 2017 wani ƙaramin jirgi maras matuƙi ya bugi jirgin soja mai saukar ungulu kusa da birnin Niyok, ya lalata masa fiffike, kuma bincike ya nuna cewa mai shi ya tura shi inda idonsa ba ya kaiwa. A watan Disamba na 2018 rahotannin ganin irin waɗannan jirage sun tsayar da filin jirgin Gatwick na Ingila, aka soke ko aka karkatar da tashi da sauka kimanin 1,000, matafiya kimanin 140,000 suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi.

'Yan kasuwa sun san lissafi, don haka ga lissafi. Jirgin da ke gudun kilomita 180 a awa yana cin mita 50 a kowace daƙiƙa. Idan hazon hunturu ya sauka har ba a iya hango abin da ya wuce kilomita ɗaya, daga lokacin da aka gan shi zuwa lokacin da zai iso daƙiƙa 20 ne kacal. Ƙaramin jirgin da ke saukowa mita 4 a daƙiƙa yana bukatar daƙiƙa 30 kafin ya taɓa ƙasa daga mita 120. Lissafin bai fita ba. Abin da zai cike giɓin shi ne kunne: jin ƙarar injin kafin a ga jirgin, ko jin labarin zuwansa tun kafin a tashi.

Daga nan sauran ƙa'idojin suka samo asali. Kada jirgin ya ɓace wa idon matuƙi. Jirgi mai mutane shi ke da hanya a koyaushe, ƙarami ne ke kaucewa ya sauka. Ba a bin kan kasuwa, ko masallacin idi, ko makaranta, ko ayarin motoci a kan babbar hanya ta ɗaya da ta ratsa Gidan Rumji da Cadawa da Agye da Gazawa. Ba a kusantar barikin soja, ko na jandarma, ko gidan kaso, ko shingen kan iyaka. A kiyayi turakun salula da wayoyin lantarki, musamman babban layin nan mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya zo Gazawa, domin ban da haɗarin karo yana iya rikita na'urar da ke nuna wa jirgin alƙibla. Zafin bazara da kan wuce digiri 40 yana gajiyar da batir, kuma iskar da ke gaban hadari takan iso kafin ruwan, ta ɗauke abin da bai da nauyi. Galibin waɗannan jirage na karɓar umarni ne a zangon gigahaz 2.4 ko 5.8, kuma idan sadarwa ta yanke sukan koma da kansu inda suka tashi. Wajibi ne a saita tsayin komowar ya wuce gawo mafi tsawo da turken da ke kan hanya, tun kafin a tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

LADABIN MAGANA TA REDIYO

Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeyos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutane 583 suka rasu. Har yau babu haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka. Injinan jiragen lafiyarsu lau. Matuƙin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. A daidai lokacin da jami'in hasumiya ke ce masa ya dakata, matuƙan Pan Am su ma suka danna maɓalli suna cewa har yanzu suna kan titin. Maganganun biyu suka haɗu, abin da ya isa kunnen mutanen KLM ƙara ce kawai. Bayan wannan musiba aka tsaurara kalmomin da ake amfani da su, har kalmar tashi kanta aka hana furta ta sai wajen bayar da izinin tashin ko soke shi.

Darasi na farko ke nan: a zango ɗaya mutum ɗaya ke magana a lokaci ɗaya. Don haka ana saurare kafin a danna, ana shirya abin da za a faɗa kafin a buɗe baki, ana danna maɓallin sosai kafin kalmar farko, ba a kuma sakinsa sai bayan ta ƙarshe. ICAO ta yi umarnin kada saurin magana ya wuce kalmomi 100 a minti. Gaisuwar da aka san Bahaushe da ita, ta tambayar gida da iyali da gajiya, abar yabo ce a zaure da rumfar kasuwa, amma a wannan zango duk daƙiƙar da aka ɓata an toshe bakin wani da ƙila yake cikin matsala.

Darasi na biyu shi ne tsarin kira, wanda ba ya canzawa: wa ake kira, wa ke kira, ina yake, tsayi nawa, me yake so, har zuwa yaushe. Alal misali, mai aikin auna gonaki zai kira jami'in filin jirgin Maraɗi ya ce shi matuƙin jirgi maras matuƙi ne, yana arewa da Tibiri, yana neman tashi har ƙafa 300 daga ƙasa, daga ƙarfe 8 zuwa 9. A nan akwai tarko biyu. Ana faɗin tsayi da ƙafa, ba da mita ba. Lokaci kuma da agogon duniya na UTC ake faɗinsa, wanda agogon Nijar ya ɗara da awa ɗaya, wato ƙarfe 8 na UTC ƙarfe 9 ne na safe a Agye. Maganar kanta da Faransanci ko Ingilishi ake yinta. Kuma ga mafi yawan masu ƙananan jirage, waɗanda ba su da lasisin rediyo, wannan sanarwa ta tarho ko a rubuce za a yi ta tun kafin ranar aikin, domin idan hukuma ta ga ya dace ta fitar da sanarwar nan da ake kira NOTAM, wadda matuƙa ke karantawa kafin su tashi.

Darasi na uku shi ne haruffa da lambobi. Tun 1956 ake amfani da jerin kalmomin da ke wakiltar haruffa: Alfa, Bravo, Charlie, Delta har zuwa Zulu. Wanda ke ganin wannan wasa ne ya dubi alamar filin jirgin Maraɗi, DRRM, da ta filin Diori Hamani na Yamai, DRRN. Harafin ƙarshe kaɗai ya raba su, kuma a cikin shuuwar rediyo M da N tagwaye ne. Idan aka ce Mike ko aka ce November, shakka ta kau. Lambobi ma ɗaya bayan ɗaya ake faɗinsu a mafi yawan lokuta.

Darasi na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne maimaita umarni. Idan jami'i ya ce kada a wuce ƙafa 200, matuƙi zai mayar masa da maganar yadda ya ji ta, shi kuma ya tabbatar ko ya gyara. Dillalin kara ya san wannan: ba ya sakin igiyar sa sai mai saye ya faɗi kuɗin da bakinsa kowa ya ji. Kalmar "to", wadda a Hausa kan ɗauki ma'anar na ji, ko na yarda, ko zan duba, ko ma ban yarda ba amma ina jin nauyinka, ba ta da gurbi a nan. Roger na nufin saƙo ya iso, ba ya nufin i. Wilco na nufin an fahimta kuma za a aikata. Standby na nufin a jira, kuma ba izini ba ne. Wanda bai ji ba ya nemi a sake faɗi, babu abin kunya. Matambayi ba ya ɓata.

Darasi na biyar shi ne kiran gaggawa. Mayday, sau uku, na nufin rai na cikin haɗari, kuma asalinta Faransanci ne na neman taimako. Pan-pan, sau uku, na nufin matsala ce mai bukatar kulawa da sauri. An keɓe megahaz 121.5 don irin wannan kira. Wanda ya ji ɗaya daga cikinsu ya yi shiru, ya sauko da jirginsa nan take. Idan kuwa nasa jirgin ne ya ƙwace ya nufi wajen filin jirgi ko iyaka, to ya kira hukuma a cikin mintin, ya faɗi inda ya nufa da tsayinsa da sauran mintocin da batir zai yi. Ɓoyewa don gudun tara ita ce babban laifi.

Wannan ladabi ya shafi 'yan ƙungiyar aikin su kansu. Matuƙi na bukatar mai lura, wanda aikinsa kawai duban sama da saurare. Idan da oba-oba suke magana, su tsayar da 'yan kalmomi tun da farko: tsaya, sauko, jirgi daga gabas. Duk wanda ya ce a sauko, ko shi ne ƙarami a cikinsu, a sauko tukuna sannan a tambayi dalili.

MUTANEN DA KE ƘARƘASHIN JIRGIN

Akwai wata hasumiya da littattafan ICAO ba su ambata ba, ita ce ƙofar gidan mai gari. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga suka shigo jihar Maraɗi, kuma a gundumar Gidan Rumji aka tsugunar da da yawa daga cikinsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ranar 18 ga Fabrairu 2022 wani jirgin yaƙin Nijeriya ya yi ruwan wuta a ƙauyen Nacade na gundumar Madarumfa, inda gwamnan Maraɗi na lokacin ya sanar da rasuwar yara 7 da jikkatar 5. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojojin Nijeriya ya kai hari bisa kuskure kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, inda aƙalla mutane 85 suka rasu. Jama'a sun kuma ji labarin manyan jiragen da Amurka ta riƙa tayarwa daga sansaninta na Agadas daga 2019 har ficewarta a 2024, da na Faransa a Yamai, da ƙirar Bayraktar TB2 da Nijar ta samu daga Turkiyya a 2022.

Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsohuwar da ke jin ƙugi a sama ba ta da hanyar bambanta jirgin ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo mai ƙidayar itatuwa da wanda ya ɗauko mutuwa. Sojan da ke kan shinge shi ma ba shi da ita, kuma ba za a zarge shi ba idan ya ɗauki mataki kan abin da ba a sanar da shi ba. Saboda haka kira na farko ba na filin jirgi ba ne. Za a fara da ofishin prefe da na jandarma, a wuce ofishin ƙaramar hukuma, a gaida sarki, a sauka wurin mai gari da liman, a kuma roƙi gidan rediyon karkara ko sanƙira ya yi shela. Tsarin shelar daidai yake da na kiran rediyo: su wane ne, a ina, wace rana, ƙarfe nawa, don me. Idan hali ya yi a ajiye jirgin a kan tabarma a dandali, yara da manya su gan shi kafin ya tashi.

Sannan akwai mutunci. Gidan Bahaushe katanga ce ta kewaye shi, tsakar gida a buɗe take ga sama, nan mata ke daka da wanka da renon yara. Wanda ba zai wuce zaure ba sai da sallama, bai kamata ya leƙa ta sama ba. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017, amma tun kafin doka addini da al'ada sun riga sun yanke hukunci.

NAUYIN DA KE KAN KOWA

Ɗan kasuwar da zai shigo da waɗannan jirage ko na'urorin rediyo, ko ta Ɗan Isa ko ta Yamai, ya tambayi hukumar jiragen sama da ta duwan a rubuce kafin ya biya kuɗin kaya, don kada jarinsa ya kwana a sito. Ya riƙe littafin da ke nuna lambar kowane jirgi da wanda ya saya. Kada ya sayar da rediyon zangon jirage ga wanda ba shi da lasisi. Ribar jika goma ba ta kai sunan gidan da aka yi shekaru ana ginawa ba.

Ma'aikacin gwamnati ko na ƙungiyar agaji da zai ba da kwangilar ɗaukar hoto daga sama ya nemi ganin izinin matuƙi da idonsa, ya sa a cikin yarjejeniya wa zai sanar da jami'an tsaro da masu gari, wa zai biya diyya idan jirgin ya faɗa wa mutum ko dabba ko rumbu, kuma a hannun wa hotunan za su zauna. Hatimin ma'aikata ba ya maye gurbin izinin tashi.

Mahukunta kuwa nauyinsu ya fi na kowa. Dokar da talaka bai san da ita ba sai ranar da aka kama shi, tarko ce. Ya kamata a fassara ƙa'idojin nan da Hausa da Fulatanci, a karanta su a gidajen rediyo, a manna su a ofishin kowane prefe tare da taswirar wuraren da aka hana. Ya kamata a samu tebur ɗaya a Maraɗi da ke karɓar takardun neman izini, da sanannen wa'adin amsa, da kuɗin da aka rubuta a bango, da rasiɗi ga duk wanda ya biya ko aka karɓe wa kaya. Ya kamata a samu lambar tarho ɗaya da ake ɗauka dare da rana. Inda hanyar izini ta yi tsawo da duhu, masu gaskiya ne ke haƙura, marasa gaskiya kuwa dama ba su taɓa tambaya ba. Haka nan tsakanin hukumomin Maraɗi da na Katsina da Zamfara da Sakkwato, duk abin da ya shiga tsakanin gwamnatoci, bai kamata layin da ke sanar da motsin jirage a bakin iyaka ya mutu ba, domin yaran Nacade ba su san siyasa ba.

Matasan wannan yanki suna da basirar koyon wannan sana'a, kuma akwai abinci a cikinta. Abin da ake roƙon iyaye da iyayen gida shi ne su tabbatar yaro ya koyi saurare da sanarwa kafin a danƙa masa na'urar.

Allah ya kiyaye na sama da na ƙasa, ya zaunar da iyakokin nan lafiya, ya ba da damina mai albarka.